Ciwon dajin purostat: saƙon da ke ciyar da shi da yadda ake tare shi

Yau maganar maza za mu yi, musamman waɗanda furfura ta fara fito masu. Mata ma su karanta, domin su ne ke jinya idan maigida ya kwanta. Akwai wani ciwo da ake kira ciwon dajin purostat. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunanshi ba, amma sun ga aikinshi. Sun ga tsoho yana fita fitsari sau biyar ko shida cikin dare. Sun ga ya fara kukan ciwon baya da ƙugu, ya rame, daga baya ƙafafunshi suka mutu. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu ne.

Ga abin da muke son faɗi. Wannan ciwo da saƙo yake rayuwa. Akwai saƙon da jikin namiji ke aika mashi, wanda ke ce mashi ya girma. Idan ciwon ya riga ya bazu cikin jiki, babban maganinshi shi ne a tare wannan saƙo. Maza da yawa suna gudun wannan magani, ko su fara su bari, saboda ba wanda ya zauna ya fahimtar da su yadda abin yake. A ganinmu manomi yana iya gane wannan bayani sarai. Wanda ya san dalilin da ya sa ake dandaƙe bunsuru, ya kuma san yadda ƙuduji ke kama gero, ya riga ya san rabin maganar.

Mene ne purostat?

Purostat wata tsoka ce da ke cikin jikin kowane namiji. Mata ba su da ita. Girmanta kamar ƙaramin goro ne. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari kamar yadda zobe ke zagaye yatsa. Aikinta shi ne ta yi wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Idan namiji ya tsufa, purostat kan ƙara girma ta matse hanyar fitsari. Sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ba ƙarfi, ko ya riƙa ɗiga, ko mutum ya ji bai gama ba. Ku lura da kyau: yawancin masu wannan wahala ba ciwon daji ke gare su ba. Kumburin tsufa ne kawai, kuma yana da magani. Haka nan fitsarin jini da yara ke yi a garuruwan bakin tabki da bakin gulbi, wato tsargiya, wani ciwo ne daban. Shi ciwon dajin purostat sau da yawa yana farawa ne daga gefen baya na tsokar, nesa da hanyar fitsari. Shi ya sa yana iya yin shekaru mutum bai ji komi ba.

Ba ƙaramin ciwo ba ne a duniya. Lissafin hukumar lafiya ta duniya na shekarar 2022 ya nuna maza wajen miliyan 1 da dubu 400 da ɗoriya sun kamu da shi a wannan shekara, kuma kusan dubu 400 ya kashe. Ya fi kama baƙar fata. A Ingila, inda ake ƙidaya sosai, an gano cewa cikin baƙaƙen maza 4, ɗaya zai kamu da shi a rayuwarshi, alhali cikin sauran maza ɗaya ne cikin 8. Ba a ɗaukar shi daga mace, ba a kuma ba mace shi. Shekaru, da gado, da asalin mutum su ne manyan abubuwan da ke kawo shi.

Yadda saƙon ke tafiya

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da ɗaki a tsakiyarta. Cikin ɗakin akwai wani abu kamar littafi, inda aka rubuta dukan ayyukan da ƙwayar za ta iya yi. Wannan littafi shi muke gada daga uwa da uba. Ƙwaya mai lafiya ba ta rabuwa biyu don ganin damarta. Sai an aiko mata saƙo ta hayayyafa, kuma idan an ce ta tsaya sai ta tsaya. Idan ta tsufa ko ta lalace, akwai saƙon da ke ce mata ta mutu, ta ba wata wuri.

Saƙon da ƙwayoyin purostat ke saurare yana da mafari mai nisa. Daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Ƙwaƙwalwa tana sako wani sinadari cikin jini, ya gangara zuwa maraina, ya ce masu su yi aiki. Maraina sai su yi sinadarin maza, wanda likitoci ke kira testosteron. Shi ne ke fito wa saurayi da gemu, ya buɗe mashi murya, ya kawo sha'awa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan sinadari maraina ke yin shi. Ɗan abin da ya rage yana fitowa daga wasu ƙananan tsokoki biyu da ke bisa ƙoda.

Idan testosteron ya shiga ƙwayar purostat, ƙwayar kan juya shi ya zama wani mai ƙarfi fiye da na farko. Cikin ƙwayar akwai wani abu da ke jiran shi. Mu kira shi kunne, tunda aikinshi jin saƙo ne. Da zarar sinadarin ya kama kunnen, sai su biyun su shige ɗakin tsakiya, su buɗe wasu shafuka na littafin. Wani shafi yana cewa: ki rayu. Wani yana cewa: ki rabu biyu. Wani kuma yana cewa: ki yi wani ruwa da ake kira PSA, wanda ke tsinka maniyyi. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kanshi.

Ciwon daji yana farawa ne sa'ad da rubutun littafin ya samu kuskure a wata ƙwaya. Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai sun taru cikin shekaru masu yawa, shi ya sa ciwon ya fi kama wanda ya wuce shekara 50. A 2005 masu bincike a jami'ar Mishigan ta Amurka sun gano wani irin kuskure mai ban mamaki. Shafuka biyu da ba su da haɗi sun manne da juna: kan shafin da ke jin saƙon maza ya haɗe da jikin wani shafi mai sa ƙwaya ta kutsa cikin maƙwabtanta. Ke nan duk sa'ad da sinadarin maza ya zo, sai ya tada abin da bai kamata ya tada ba. Wajen rabin Turawa masu ciwon suna da wannan kuskure. Cikin baƙar fata bai kai haka yawa ba, abin da ke nuna cewa ciwon ba kala ɗaya ba ne ga kowa.

A nan kada a yi mana mummunar fahimta. Sinadarin maza ba cuta ba ne, kuma samun shi ba shi ne kamuwa da ciwo ba. Amma idan ciwon ya riga ya tsiro, da wannan sinadari yake ƙoshi.

Abin da makiyaya suka daɗe da sani

Duk mai kiwo ya san abin da ke faruwa idan an dandaƙe bunsuru ya zama taure. Warinshi ya tafi, ya bar bin awaki, ya yi ƙiba. An tsinke saƙon da ke fitowa daga maraina, jiki duka ya canza. A 1786 wani likitan Landan mai suna Jon Hunta ya rubuta cewa purostat ɗin bijimin da aka fiɗiye ƙarama ce, ta yamutse, ta bijimi mai ƙarfi kuwa cikakkiya ce. Aka yi shekaru fiye da 150 kafin a yi amfani da wannan sani a kan ciwon daji.

Wanda ya yi shi ne Cals Hagins, likita a jami'ar Cikago. Da karnuka ya fara bincikenshi. A 1941 ya bada labarin maza waɗanda ciwon ya riga ya kai masu ƙashi. Ya cire masu maraina, ko ya ba su sinadarin mata. Da yawa cikinsu zafin ƙashi ya sauka, suka fara cin abinci, wasu da ke kwance suka tashi. Da ya gwada yi wa wasu allurar sinadarin maza, sai awon jini ya nuna ciwon ya ƙara tashi. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa ana iya danne ciwon dajin purostat da ya bazu ta hanyar hana shi saƙo. A 1966 aka ba shi kyautar Nobel. Har yau wannan dabara ita ce tushen maganin.

Yadda ciwon ke barin gida ya tafi ƙashi

Ciwon da ya tsaya cikin purostat ba kasafai yake kisa ba. Tsofaffi da yawa suna da shi, yana tafiya sannu sannu, har wani abu daban ya zama ajalinsu. Mai kisa shi ne wanda ya fita. To, yaya yake fita?

Ban da hanyar sinadarin maza, akwai hanya ta biyu cikin ƙwaya, wadda ke ce mata ta ci, ta girma, kada ta mutu. Wannan hanya tana da dabaibayi, kamar na jaki. Sunan dabaibayin PTEN, an gano shi a 1997. Idan ya tsinke, ƙwayar sai ta yi ta tafiya ba mai tsaida ta. Cikin maza 10 waɗanda ciwonsu ya bazu ya kuma gagari maganin farko, wajen 4 wannan dabaibayi ya tsinke a jikin ciwonsu. Abin da ya fi ba likitoci wahala shi ne hanyoyin biyu suna magana da juna. Idan an toshe ta sinadarin maza, ta biyun sai ta ƙara ƙarfi. Idan an toshe ta biyun, ta farkon ta farka.

Bayan haka, ƙwayoyin purostat masu lafiya a ɗaure suke da juna, kowace ta riƙe maƙwabciyarta. Ƙwayar daji takan daina yin abin da ke ɗaure ta. Siffarta ta canza, ta koyi rarrafe. Sai ta fitar da wani ruwa mai cin dangar da ta kewaye tsokar, ta huda, ta faɗa hanyar jini ko hanyar kaluluwa. Dubbai suna fita haka, kuma kusan dukansu mutuwa suke yi a hanya. Kaɗan ke tsira.

Waɗanda suka tsira, ƙashi suke nufa. Cikin maza 10 da ciwon ya bazu a jikinsu ta hanyar jini, kusan 9 ana samun shi cikin ƙashinsu: ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari, cinya. Dalili na farko hanya ce. A 1940 wani masani mai suna Oska Batson ya nuna cewa akwai jijiyoyin jini da suka haɗa ƙasan mara da ƙashin baya kai tsaye, kuma jini na iya bin su gaba ko baya. Dalili na biyu manomi ya fi kowa gane shi. Tun 1889 wani likitan Ingila, Istifin Pajet, ya ce ciwon daji kamar iri ne. Iska na watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira. Mu ma mun san gero na jigawa ne, shinkafa ta fadama ce. Ɓargon ƙashi shi ne ƙasar da ta dace da wannan iri. Ɓargo yana fitar da wani sinadari don kiran ƙwayoyin da ke yin jini su zo su zauna. Ƙwayar dajin purostat tana da hancin jin wannan kira, sai ta bi shi ta zauna wurin da ba nata ba.

Ku tuna da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinshi na iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tada shi. Sai saiwar gero ko ta dawa ta fitar da wani sinadari cikin ƙasa, sannan ya ji, ya tsiro, ya kama saiwar. Kafin manomi ya ga furenshi a sama, ya daɗe yana shan geron a ƙasa. Ƙwayar daji cikin ɓargo haka take. Tana iya yin barci shekaru, sannan wani saƙo ya tada ta.

Idan ta tashi, sai ta ɓata aikin ƙashi. Ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyi masu rushe tsohon ƙashi, da masu gina sabo, kuma aikinsu daidai yake tafiya. Ƙwayar daji tana aika wa dukansu saƙon ƙarya. Masu rushewa su yi ta rushewa. Cikin ƙashin da aka rushe akwai abincin girma da ke ajiye, sai ya fito, ciwon ya ci ya ƙara ƙarfi, ya sake aika saƙo. Masu gini kuma su yi ta gini barkatai. A hoton asibiti ƙashin yakan fito fari fat kamar mai ƙarfi, alhali gini ne marar kyau, mai saurin karyewa.

Daga nan ne ciwon bayan nan ke fitowa, wanda ba ya sauka ko an kwanta, ya fi tsanani da dare. Ƙahon wanzami ba ya kai wurin. Tramol da sauran ƙwayoyin tebur suna rufe zafin na ɗan lokaci, ciwon kuwa yana ci gaba.

Allura ko aiki

Hanyoyi biyu ne manya na tare saƙon. Ta farko allura ce da ake yi kowane wata ko kowane wata 3. Ita tana aiki a ƙwaƙwalwa, ta hana ta aika wa maraina umarni. Wasu irin alluran, a makonnin farko sukan ƙara sinadarin maza kafin su rage shi, shi ya sa lokotoro ke haɗawa da wani maganin sha mai toshe kunnen ƙwaya. Hanya ta biyu ƙaramin aiki ne: a cire ɓangaren maraina da ke yin sinadarin. Ana iya yin shi da allurar kashe zafi a wurin, ba sai an sa mutum barci ba. Fatar tana nan, ba a taɓa mazakuta. Cikin yini guda sinadarin ya sauka, kuma ba a sake yin aikin.

Mun san abin da namiji ke ji idan an faɗa mashi haka. Zai ce: ni za a mayar taure? Wasu suna tashi su bar asibiti ba su sake komawa. Ba mu raina wannan jin ba, kuma ba za mu ɓoye gaskiya ba. Bayan aikin sha'awa tana raguwa ƙwarai ko ta tafi, ba a sake haihuwa, kuma ba a maida abin da aka cire. Mutum kan ji zafi ya taso mashi da gumi, ya ji kasala, ya yi ƙiba, ƙashi ya rage ƙwari da daɗewa. Muryar babban mutum kuwa ba ta komawa ta mata, kamar yadda ake faɗi a majalisa.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: allurar ma duk wannan take yi. Muddin ana yin ta, sha'awa da haihuwa haka suke tafiya. Bambancin shi ne allura ba a ganin tabonta, kuma idan an daina ta, sinadarin maza na iya dawowa. Wannan dawowa ita ce haɗarinta ga mai ciwon da ya bazu. Allurar tana da tsada, ta fi ƙarfin yawancin manoma. Ba a samun ta sai a manyan garuruwa, ba ta kuma son zafi. Mutum zai sayar da rago ya yi ta farko, ya sayar da akuya da buhun wake ya yi ta biyu. Zafin baya ya sauka, ya ce ya warke. Damina ta zo, ba kuɗi, ba lokacin tafiya. Ya yi wata shida ba allura. Maraina su farka, saƙo ya koma tafiya, ciwon da ya yi laushi ya miƙe. An yi asarar dabbobi, an kuma yi asarar lokaci.

Domin haka muke ganin cewa mutumin karkara mai ciwon da ya kai ƙashi, wanda ya san ba zai iya biyan allura shekara da shekaru ba, ya dace ya dubi maganar aikin da idon basira. Wajen danne ciwon, ƙarfinsu ɗaya ne. Mai hali da ke kusa da birni yana iya zaɓen allura, ba laifi. Akwai ma waɗanda lokotoro da kanshi ke ba hutun allura, yana bin su da awon jini. Wannan daban yake da bari don rashin kuɗi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a rubuta wa talaka takardar allura, ya tafi, ba a tambaye shi ko zai iya ba, ba a kuma faɗa mashi akwai wata hanya ba. Ya kamata a yi mashi bayani da Hausa, a keɓe, ba gaban surukai ba. Idan ya yarda, a kira uwargida ta ji, domin abin ya shafe ta. Sirrin kuma nashi ne. Ba dole ne mutanen gari su san irin aikin da aka yi mashi ba.

Wani gargaɗi ga wanda aka fara wa magani. Idan ƙarfi ya ragu, masu tallar maganin maza suna nan a kasuwa da tasha. Ba wanda ya san abin da ke cikin kwalabensu. Akwai kuma allurar testosteron da wasu ke yi don ƙarin kuzari. Ga mai wannan ciwo, yin ta zuba wa ƙuduji taki ne.

Me ya sa ciwon ke dawowa?

Tare saƙon ba ya kashe ciwon duka. Yana danne shi ne. Ga mutane da yawa, bayan shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye, ciwon kan sake motsi ko da ba a fasa magani ba. Sai iyali su ce an cuce su, an cire wa tsoho maraina a banza. Ba haka ba ne. Shekarun da ya yi yana tafiya da ƙafarshi, yana zuwa gona da kasuwa, su ne amfanin maganin.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Yawancin ƙwayoyin dajin sun mutu da yunwa, amma kaɗan sun sami dabara. Wasu sun ƙara yawan kunnuwansu, har suna jin ɗan raɗan da ke fitowa daga tsokokin bisa ƙoda. Wasu sun koyi yin sinadarin maza da kansu. Wasu kunnensu ya guntule ta yadda yake shiga ɗakin tsakiya ya buɗe littafi ba tare da an aiko saƙo ba. Waɗannan su ke hayayyafa su cika wurin. Mai feshin wake ya san irin wannan: ƙwarin da magani bai kashe ba, su ne iyayen na baɗi.

Sanin waɗannan dabaru ne ya kawo sababbin magunguna. Abirateron, wanda aka ƙirƙiro a Landan aka fara sayarwa a 2011, yana hana yin sinadarin maza ko'ina cikin jiki, har cikin ciwon kanshi. Enzalutamid na 2012 yana toshe kunnen sosai. Daga 2015 zuwa 2017 manyan gwaje-gwaje sun nuna cewa idan an haɗa tare saƙon da maganin dosetaksel ko da abirateron tun farko, mutane sun fi daɗewa da rai. A 2019 hukumar lafiya ta duniya ta sa abirateron cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Muna ganin ya dace hukumomin lafiya na ƙasarmu su nemo mai rahusa, su kai shi jihohi, kada ya zama na mai ɗan uwa a waje kaɗai. Akwai kuma maza da suka gaji wani kuskure a littafinsu mai suna BRCA2, wanda ke kawo ciwon dajin nono ga mata. Tun 2020 akwai maganin da aka yi domin irinsu. Saboda haka idan uwarka ko ƴar uwarka ta yi ciwon dajin nono, ka faɗa wa lokotoro, ko da bai tambaya ba.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A 2021 aka buɗe sashen gashi da haske a can, na farko a Nijar. Wannan gashi yana rage zafin ƙashi sosai, kuma yana cikin hanyoyin warkar da ciwon idan bai fita daga purostat ba.

Tun bai fita ba

Ciwon da aka kama cikin purostat ana iya warkar da shi, da aiki ko da gashin haske. Wani ma lokotoro zai ce a sa mashi ido kawai, saboda mai tafiyar hawainiya ne. Amma a ƙasashenmu yawancin maza ba su zuwa sai fitsari ya tsaya cak an sa masu roba, ko ƙafa ta mutu. Nisa da kuɗi suna ciki. Kunya ma tana ciki, kuma ita ce ke hannunmu.

Awo biyu ake farawa da su. Na farko, lokotoro ko majo ya sa safar hannu, ya taɓa purostat da yatsa ta dubura, ya ji ko ta yi tauri. Bai kai minti ɗaya ba. Matanmu suna jure abin da ya fi haka a kowane awon ciki, ba mu taɓa jin sun ce mutuncinsu ya zube ba. Na biyu awon jini ne na PSA, ruwan nan da muka ce ƙwayar purostat na yi idan saƙo ya zo mata. Idan ya yi yawa cikin jini, alama ce a ƙara bincike. Ba hukunci ba ne, domin kumburin tsufa da ƙwayar cuta ma suna ɗaga shi. Tabbaci sai an ɗebi ɗan tsokar an duba da madubi. Ga wanda ke shan magani kuwa, PSA shi ne ma'auni: idan ya sauka an tare saƙon, idan ya fara hawa ciwon ya sami wata hanya. Don haka a adana takardun awo wuri ɗaya, cikin leda, a riƙa zuwa da su kowane lokaci.

Ba mu ce kowane namiji ya ruga awo gobe ba. Asibitocinmu ba za su ɗauka ba, kuma tsoho ɗan shekara 80 da ba ya jin komi, awon na iya kawo mashi tashin hankali fiye da amfani. Amma wanda ya kai 50, ko 45 idan ubanshi ko ɗan uwanshi ya yi ciwon, ya kamata ya tada maganar da majo. Wanda fitsarinshi ya canza, ko ya ga jini a fitsari ko a maniyyi, ko ciwon baya ya ƙi sauka yana kuma ramewa, kada ya jira kaka. Ya fara da asibitin garinsu, a ba shi takarda zuwa babban asibitin jiha, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Akwai hali ɗaya da ba ya jiran ko kwana guda. Idan mai ciwon baya ya ji ƙafafunshi sun yi nauyi ko sun mutu, ko ya ji tsakanin cinyoyinshi kamar ba nashi ba, ko fitsari da bayan gida sun ƙi fita ko suna zuba bai sani ba, to ciwon ya danne lakar baya. Idan an kai shi cikin yini ɗaya ko biyu, ana iya ceton ƙafafun. Idan an yi mako ana shafe-shafe a gida, da wuya ya sake tafiya. A ɗauke shi a kwance, bisa abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa, kada a zaunar da shi bayan babur, a nemi mota a nufi babban asibiti a ranar.